Dikodar Baban Gola

Kafin Mai Bin Sawu ya iso layin, an riga an karya wa mutum hannu.

Ranar Asabar ce da rana. Wani tsohon direba da kowa ke kira Baban Gola ya dawo daga asibitin da ake duba masa zuciya, ya shiga falonsa, ya tarar da talabijin a inda take, rimot a kan kujera, amma dikodar da ke zaune a ƙarƙashin talabijin babu ita babu dalilinta. Ragar sauron tagar baya kuma an farke ta daga sama har ƙasa. Ihun da ya yi ne ya tara layin. Cikin taron wani ya tuna cewa da safe Mai Gwangwan ya wuce da kurarsa yana cigiyar tsofaffin ƙarafa. Samari suka bazama, suka cim masa a bakin kwalbati, suka kifar da kurar. Wata dikoda ta faɗo daga cikin tarkacen. Babu wanda ya tsaya duba ta.

Mai Bin Sawu dogon tsoho ne mai ciwon gwiwa da gajen haƙuri. Da can dabbobin sata yake bi a daji. Da gidaje suka cinye dajin, sai ya koma bin babura da janareta da kekunan ɗinki. Mutanen unguwa kan kira shi kafin su kira 'yan sanda, kuma sau da yawa sukan yi da-na-sani, domin ba ya raga wa kowa.

Ya ɗaga dikodar da aka samu a kurar, ya girgiza ta. Ƙasa ta zubo, da busasshen gidan zanzaro. Ya miƙa wa Baban Gola, ya tambaye shi ko ita ce. Tsohon ya ce ba ita ba ce, tasa baƙa ce, wannan kuwa ko murfi ba ta da shi.

"To wa ya fara dukan?" in ji Mai Bin Sawu.

Wani daga baya ya ce ai irinsu ba a shaidarsu, wataƙila ya riga ya kai ta gaskiyar wani wuri ya ɓoye. Mai Bin Sawu ya ce mai maganar ya matso gaba ya maimaita, babu wanda ya matso. Mai Gwangwan na zaune a dakalin kemis, hannunsa na dama na lilo, leɓensa a fashe, yana ta faɗin cewa a bola ya tsince ta. Mai Bin Sawu ya tsayar da mota ya sa aka kai shi asibiti, sannan ya zaga bayan gidan.

A ƙarƙashin tagar ya tarar da abin da ya fi tsana a duniya. Duk wanda ya zo jaje sai da ya leƙa ragar, ƙasar ta zama kamar an yi dambe a kanta. Ya juya ya wanke su tas, manya da yara. Ya ce sun iya karya hannu, amma tsayawa nesa da sawu ya gagare su. Sawu ɗaya ne ya tsira, a jikin bango inda ƙafafu ba su kai ba: silifas ne mai cinyayyen dunduniya a ƙafar hagu. Mai shi ya zo tagar, ya daɗe a tsaye, ya koma ta ƙofar baya ta shagon aski da ke manne da gidan.

*

A falo Baban Gola ya kasa zama. Yana kai da komo, yana haki, maganinsa na asibiti na cikin leda a ƙasa inda ya yar. Mai Bin Sawu ya tambaye shi me ya sa ake wannan tashin hankali a kan akwatin da ake sayarwa a kowace kasuwa.

Sai tsohon ya ba shi labari. Ɗansa ɗaya ne namiji, mai tsaron raga ne a wata ƙaramar ƙungiya, shi ya sa ake ce masa Gola. Sau ɗaya tak aka taɓa nuna wasansu a tashar ƙwallo, ranar da ƙuri'a ta haɗa su da wata babbar ƙungiya a gasar kofi. A ranar Gola ya kaɗe fenareti, mai sharhi ya yi ta kiran sunansa har muryarsa ta dishe. Uban ya danna maɓallin ajiya, dikodar ta riƙe wasan gaba ɗaya. Bayan 'yan watanni motar ƙungiyar ta yi haɗari a hanyar dawowa daga wani wasa, Gola na cikin waɗanda ba su tashi ba.

Wasan da ke cikin akwatin ba ya kwafuwa zuwa waya ko faifai, haka kamfanin ya ƙera shi. Kuma ba ya buɗuwa sai in an biya kuɗin wata, kuma sai in ƙunshin tashoshin da aka biya yana ɗauke da tashar da ta nuna wasan. Da farko tashar na cikin ƙaramin ƙunshi. Aka ɗauke ta aka kai na tsakiya. Bara aka mayar da ita babban ƙunshi, tare da tashoshin girki da na kiɗa da na dawakai da ba wanda ke kallo a gidan. Farashi kuwa ba ya shekara bai motsa ba.

"Ni na haife shi, ni na binne shi," in ji Baban Gola. "Amma duk ƙarshen wata sai na biya wasu mutanen da ban taɓa gani ba kafin su buɗe min ƙofa in ga ɗana. In na makara da kwana ɗaya su rufe. Na haƙura, ina biya. Yau kuma an zo an ɗauke shi gaba ɗaya."

Fanshonsa ba ya ɗaukar babban ƙunshi, don haka suke raba kuɗin da ƙaninsa Mai Aski, wanda aka haɗa wa ƙaramar dikoda a shago a kan biya ɗaya. Da aka zo kan ƙanin, fuskar tsohon ta canja. Ya ce watanni ke nan Mai Aski na damunsa su mayar da tsohuwar dikodar, kamfani ya ba su sabuwa mai hoto garau da rangwame. Shi kuwa ya ce ko gawarsa ba za ta bayar ba. Ko jiya sai da suka yi, har maƙwabta suka ji.

Mai Bin Sawu ya leƙa bayan talabijin. Shi bai san kan wayoyi ba, ko rediyo ba ya ajiyewa a ɗakinsa, amma ya san hannun ɓarawo. Mai sauri yakan fizge ko ya yanke, ya bar guntaye. A nan babu guntu ko ɗaya, sai ramin da wayoyin ke saukowa daga silin, wayam. Wanda ya yi aikin bai yi gaggawa ba.

Uwar Gola na kicin tana wanke tukunyar da ta riga ta fita. Ta ce wa Mai Bin Sawu bayan fitar mijinta ta je kasuwa, ta dawo ta shige kicin, ba ta leƙa falo ba, dama ba ta cika shigarsa ba in ba shara za ta yi ba. Ba ta ji motsi ba, ba ta ga kowa ba. Ya juya zai fita ta tambaye shi ko hannun bawan Allahn nan ya karye ne ko gocewa ya yi. Ya ce ya karye. Ta ci gaba da dirzar tukunyar.

*

Mai haɗa dish, farantin kamo tashoshi, na unguwar saurayi ne da ake kira Ɗan Rufi, don an fi ganinsa a sama da a ƙasa. Ɗan ƙanwar Uwar Gola ne, shi ya haɗa musu komai. Mai Bin Sawu ya same shi da yamma a saman wani kanti yana kwance dish, ya ce masa ya sauko, gwiwarsa ba ta hawa tsani.

Ɗan Rufi ya sauko yana share hannu a wando, ya hau surutu tun ba a tambaye shi ba. Ya ce yanzu kwancewa ta fi haɗawa yawa, mutane sun gaji. An yanka ƙwallo kamar nama, gasar mako a wani ƙunshi, gasar kofi a wani, in kana son duka sai ka sayi na sama. Kuma mutane shi suke zagi a titi kamar shi ke sa farashin. Ya ce yanzu ma ajiye shiri a cikin dikoda sun mayar da shi abin biya daban. Yana faɗin haka sai ya sunkuya yana neman sukurun da bai faɗi ba.

Mai Bin Sawu ya tambaye shi nawa ɓarawo zai samu a irin wannan akwati. Ya ce ko kuɗin shayi ba zai samu ba, domin kowace dikoda da sunan mai ita a wurin kamfani, ana kai ƙara za a toshe ta. Ya tambaye shi yaushe rabonsa da gidan innarsa. Ya ce tun watan jiya.

"Ka ji an karya wa Mai Gwangwan hannu?"

"Na ji, Baba."

"Ka san wanda zai iya cire wayoyin nan ba tare da ya bar guntu ba, in ba kai ba?"

Ɗan Rufi ya ce duk wanda ya taɓa ganin ana haɗawa zai iya. Bai ɗaga ido ba. Mai Bin Sawu ya tsaya yana kallonsa har sai da zufa ta keto wa yaron, sannan ya tafi. Ya san yaron ƙarya yake yi, amma bai ga abin da zai ci a satar ba. Mai Aski kuwa da dalilinsa, da sawunsa.

*

Washegari Lahadi, ranar manyan wasanni, shagon aski ya cika har waje. Rabin mutanen ba aski ya kawo su ba. Talabijin na rataye a kusurwa, mai sharhi na ta ɓaɓatu. Mai Bin Sawu ya shiga, ya tashi wani saurayi daga kujera, ya zauna ya ce a rage masa gemu. Idonsa na ƙasa. Silifas ɗin Mai Aski na hagu ya cinye a dunduniya.

Ya tambaye shi me ya kai shi tagar yayansa. Mai Aski ya kashe injin, ya ce dama ya san za a zo kansa, tun jiya layin ke masa kallon ɓarawo, har matarsa an fasa gaisawa da ita a famfo. Ya ce ƙwarai ya je tagar, amma ranar Juma'a da yamma, kuma faɗa ya je yi. Ya sake kunna injin yana aski yana zuba. Shi ke biyan rabi, wani watan fiye da rabi. Shagon nan da ƙwallo yake ci, in babu ƙwallo samari can gaba suke tafiya. Ya yarda Gola ɗansa ne shi ma, shi ya yi masa askin farko, amma mutum ba zai riƙe gida biyu a wuya saboda akwati ɗaya ba. Kuma abin da ya fi ƙona masa rai, Yaya in ya gama kallon wasan ɗansa ya yi kukansa, sai ya kashe dikodar daga bango ya shige ɗaki, bai damu da wa ke kallo a shago ba.

"In ya kashe tasa, ina ruwan taka?" in ji Mai Bin Sawu.

"Ai tawa baiwar tasa ce, Malam. Waya ce ta haɗa su, haka kamfani ya tsara don kada a kai ɗaya wani gida. In tasa ta mutu, kafin in gama aske gefe ɗaya tawa ta ɗauke. Ranar Juma'a ana tsakiyar wasa..."

Bai ƙarasa ba. Mai Bin Sawu ya ɗaga kai ya dubi talabijin. Wani ɗan wasa ya buga ƙwallo ta daki turke, shagon ya ɗauki ihu. Injin askin na ta kuka a hannun Mai Aski, bai taɓa gashi ba.

Mai Bin Sawu ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda su biyu kawai za su ji. Ya ce dikodar yayansa na hannun ɓarawo tun jiya da safe, amma baiwarta na nan tana aiki. Tun yaushe ya lura?

Mai Aski ya ce tun jiya da rana. Ya ga ba ta ɗauke ba, ya san akwatin na nan kusa a kunne. Amma in ya faɗa, wa za a ce ya ɓoye ta? Ga shi ranar wasa. Ya ce bari a wuce Lahadi tukuna.

Mai Bin Sawu ya fizge ƙyallen da ke wuyansa ya jefar, gemunsa rabi a aske. Ya ce mutum na kwance da karyayyen hannu ana kiransa ɓarawo, shi kuwa yana jiran a tashi wasa. Ya fita ta ƙofar baya. Farar waya ce siririya ta fito daga bangon shagon. Ya bi ta da ido kamar yadda yake bin sawun akuya: ta hau katanga, ta bi ƙarƙashin kwano, ta wuce saman tagar falo ba ta tsaya ba. A nan ƙusoshin da ke riƙe da ita an ɓanɓare su, ramukansu sababbi. Ta shige silin ta saman ɗan ɗakin ajiya da ke jikin kicin.

*

Kafin rana ta faɗi Mai Bin Sawu ya tara su a falo: Baban Gola da matarsa, Mai Aski, Ɗan Rufi, da Mai Gwangwan wanda aka ɗauko daga gida hannunsa a naɗe, rataye a wuya. Samarin layin sun cika bakin ƙofa, ciki har da waɗanda suka yi dukan. Ya sa aka ƙure ƙarar talabijin ɗin shago, ana jin mai sharhi ta bango.

Bai yi dogon jawabi ba. Ya ce Mai Gwangwan bai taɓa taka gidan nan ba. Mai Aski ya taka, amma zagi ya kawo, bai ɗauki komai ba. Ragar taga kuwa an farke ta ne don ido, babu wanda ya shiga ta nan. Ya ce kowa ya saurari bangon. Ya wuce kicin, ya buɗe ɗakin ajiya. A saman wata kanta, bayan manyan tukwane, wata 'yar koriyar fitila na haske. An zuro wayoyin ta silin, an soka wutar a inda firiji yake. Ya zare, ya ɗauko dikodar, ya dawo ya dire ta a tsakiyar tabarma.

Can sai muryar mai sharhi ta yanke, 'yan kallo a shago suka saki tsaki da ihu.

Baban Gola ya dubi akwatin, ya dubi Ɗan Rufi, ya yi kansa ya shaƙe masa kwala. Ya ce a gidansa ya ci ya sha, tare da Gola suka tashi, shi ne zai yi masa haka? Yaron bai kare kansa ba.

"Sake shi, Malam," in ji Uwar Gola. "Ni na sa shi."

Ya sake shi. Ta ce jiya bayan ya tafi asibiti ta kunna talabijin. Wani rubutu ya fito ya rufe fuskar gaba ɗaya, dogo, da ƙananan baƙaƙe, ita kuwa ba ta iya karanta shi ba. Ta danna wannan, ta danna wancan, bai tafi ba. Ta danna babban maɓallin tsakiya, sai ya tafi. Da ta shiga inda wasan yake zama, babu komai. Ta kira ɗan ƙanwarta. Ya yi duk abin da ya iya, ya buga wa kamfani waya, aka yi ta sa masa kiɗa, daga ƙarshe wata murya ta ce abin da aka goge ya gogu.

Ɗan Rufi ya ce rubutun sanarwa ce. Daga wannan watan ajiya ta zama ta kuɗi daban, duk wanda bai biya ba ya danna amincewa, za a share masa abin da ke ciki. Ya ce ya roƙi Inna su faɗi gaskiya, ta ce likita ya ce zuciyar mijinta ba za ta ɗauki wani bugu ba. Gara ya zauna yana sa ran za a kama ɓarawo wata rana. Shi ya janye wayoyin, shi ya farke ragar. Ya bar ta a kunne don kada shagon kawunsa ya mutu ranar wasa.

Baban Gola bai yarda ba sai da ya gani. Ya sa aka zuro wayoyin aka haɗa a gabansa. Ya karɓi rimot, ya shiga inda ya saba shiga kullum. Shafin fari fat. Ya fita, ya sake shiga. Ya kashe, ya kunna, ya sake shiga.

Sai ya fashe. Ya tsine wa kamfanin da masu shi da wanda ya rubuta sanarwar. Ya ce shekara da shekaru bai taɓa fashin biya ba, ya bar shan magani wani watan don ya biya, shi ne za su tambayi tsohuwa da rubutun da ba ta sani ba ko a goge ɗanta. Sannan ya juya kanta. Ya ce me ya kai ta? Ita da ba ta taɓa zama a gaban akwatin nan ba? Sau nawa ya roƙe ta ta zo ta ga yaron, tana jin an kunna sai ta tashi ta shige kicin ta rufe ƙofa, ta bar shi shi kaɗai kamar shi kaɗai ya yi rashi?

"Ba na iyawa ne," ta ce. "In na ji an kira sunansa, ƙafafuna ba sa ɗaukata. Jiya na ga ba kowa, na ce bari in gwada ni kaɗai, in na faɗi ba wanda zai gani. Ko fuskarsa ban kai ga gani ba."

Rimot ɗin ya zame daga hannun Baban Gola.

Sai Mai Gwangwan ya ɗaga murya. Ya ce Allah ya jiƙan yaro, amma shi fa? Ya dubi Uwar Gola ya tambaye ta ko ta ji ihunsa jiya, ai kwalbatin ba nisa. Ta ce ta ji. Ya tambayi Ɗan Rufi, ya ce ya ji. Mai Aski bai jira a tambaye shi ba, ya sunkuyar da kai.

"Ku uku," in ji Mai Gwangwan. "Kalma ɗaya daga bakin ɗayanku ta ishe ni."

Uwar Gola ta durƙusa ta ce ya yafe mata. Baban Gola ya ce maganin hannun da cin iyalinsa na wuyansa har ya warke. Mai Gwangwan ya ce wannan na hannu ne. 'Ya'yansa sun ji an kira ubansu ɓarawo a gaban gari, wannan wa zai ɗaure? Ya ce yafiya ba yau ba, kuma kada a aiko masa da kowa. Ya miƙe, samarin ƙofa suka dare suka ba shi hanya.

Mai Bin Sawu ya nuna huɗu daga cikinsu da sandarsa, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce tun jiya ya gane takalmansu a bakin kwalbati, gobe da safe zai raka Mai Gwangwan wurin 'yan sanda, kuma duk uban da ya zo masa da roƙo zai haɗa da shi. Wani ya fara cewa ai kuskure ne, ya daka masa tsawar da ta sa har na waje suka watse.

Mai Aski ya tsaya a ƙofa yana murza hula, ya tambayi yayansa yadda za a yi da biyan wata mai zuwa. Baban Gola ya ce ya kwashe akwatin da wayoyin da dish ɗin duka, ya kai musu ko ya ƙona, kada ya sake ganin ko ɗaya a gidansa. Ɗan Rufi ya tattara, suka fita tare.

*

Mai Bin Sawu ya zauna a dakalin ƙofar gida yana murza gwiwarsa, yana jiran ta saki ya tafi. Ransa bai huce ba. An gano akwati, amma hannu na nan a karye, kuma waɗanda suka rubuta sanarwar ba su da sawun da zai bi.

Can daga falo ya ji an ja kujera, ya ji muryar Baban Gola a dishe yana cewa ta tashi daga ƙasa ta zauna a nan. Sai ya fara. Ya ce ranar an yi ruwa kafin wasa, filin duk caɓi. Gola ya fito da riga ruwan ɗorawa, safar hannun nan da ta yi masa ɗinki a babban yatsa ita ce a hannunsa. Minti na farko aka kawo masa wata ƙwallo ta sama, ya fita ya dunƙule ta, ya faɗi a kan kafaɗa. Tsohon na faɗi yana tsayawa, yana gyara inda ya yi kuskure, bai tsallake komai ba, har ya kai kan fenaretin, yadda yaron ya tsaya a kan layi yana buga tafi, yadda ya tashi ta hagu.

Uwar Gola ta tambaye shi, da aka matso da fuskarsa bayan ya kaɗe, dariya yake yi?

"Wace dariya?" in ji Baban Gola. "Faɗa yake yi da 'yan bayansa da suka jawo fenaretin. Ya haɗe rai, jijiyar wuyan nan ta tashi. Ke sak."

Ta yi wani sauti, tsakanin kuka da dariya, ta ce ya ci gaba.